Maginin da ya katange mana makabartar ƙauye, ga yadda na ga aikinsa

Assalamu alaikum jama'a. Tunda aka gama katangar makabartar garinmu mutane ke ta tambayata wa yayi aikin, ya hannunsa yake, kuma ko zan bada shawara a kira shi, musamman 'yan kwamitin ƙauyukan kusa damu da suma ruwa ya fara cin tasu. To amsata eh ku kira shi, amma dan Allah ku karanta har ƙasa dan akwai wurare biyu da bai gamsar dani ba kuma bazan ɓoye su ba tunda kuɗin jama'a ne, harda na tsofaffin mata da suka kawo kwanon gero da waɗanda suka saida kaza suka bayar. Bazan sa sunansa ko lambarsa anan ba, mai buƙata ya nemi kwamitinmu zamu haɗa shi dashi.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a Jigawa a gefen kogin Haɗeja, irin garuruwan nan da gidaje ke kan jigawa fadama na ƙasa. Makabartar tana gabas da gari a kan tudu amma ƙarshenta na kudu ya gangara har ya kusa haɗewa da fadama. A da shingen aguwa ne ya zagaye ta, da shekaru suka ja aguwar ta mutu a wasu wuraren, masu gonakin gefe kuma suna ta matsowa da garma, bana kunya ɗaya baɗi kunya ɗaya, awaki da shanu na ratsawa, yara sun yi hanyar ƙafa ta tsakiyar kaburbura zuwa rafi. Sai ga ambaliyar 2022 wadda duk ɗan Jigawa yasan abin da tayi tun daga Ringim har Haɗeja. Mu da muke bakin kogin nan mun san ruwansa daga Kano yake sauko mana ta Tiga da Challawa, ga kachala ta toshe hanyoyin da ruwa ya saba bi, so idan ya cika duk inda ya samu gangare nan yake nufa. Ya cinye mana layin kaburbura na kudu, wasu sun rufta har itace ya fito waje, matasa suka kwana biyu suna ɗibar ƙasa a baro suna cikewa. Daga nan aka kafa kwamiti aka fara karo-karo, 'yan gari mazauna Kano da Legas da Fatakwal suna turowa ta WhatsApp, manoma kuma suna bada shinkafa da riɗi bayan kaka.

Magina uku muka kira su duba. Biyun farko sun zo da tef suka bi sauran aguwar da ta rage suka auna suka faɗi kuɗi, ba laifi, haka kowa keyi. Wannan da muka ɗauka shi kafin ya ciro tef tambaya yayi, wai wa yafi kowa daɗewa yana haƙar kabari a garin nan. Aka kai shi wajen wani dattijo da tun yana saurayi yake haƙa tare da mahaifinsa, yanzu ƙafa ta hana shi sai dai ya zauna a gindin tsamiya yana nuna wa yara inda zasu sa magirbi. Maginin ya durƙusa ya gaishe shi yace Baba ina so ka zaga dani wajen nan, duk inda kace akwai mutum a ƙasa bazan sa diga ba. Tsohon yace to ɗan nan sai dai kayi haƙuri da tafiyata. Wallahi wannan tambayar ita ta sa na tsaya masa a kwamiti duk da ba shi ne mafi arha ba.

Ni aka ba riƙe littafi, dan haka na bi su ina rubutawa, kuma anan naji tarihin wurin da ake kai iyayenmu wanda da yawanmu bamu taɓa ji a jere ba. Wuri mafi tsufa shine gindin kukar da ke arewa, yanzu idan ka kalle shi fili ne kawai ba tudun kabari ko ɗaya, amma Baba ya sa sanda ya ɗan tona sai ga fasassun tukwane irin masu kauri na da. Yace kafin a ware wurin nan, kamar yadda kakansa ya bashi labari, masu gari da manyan malamai a cikin gida ake binne su, jarirai kuma a bayan ɗaki, shiyasa har yau akwai gidaje a cikin gari da ake cewa kar a haƙa masai ta wani gefe. Gaba kaɗan da kukar ya nuna wani kwari mai faɗi yace nan mutanen yunwar Kakalaba ne, wadda akayi a 1913 zuwa 1914, shi bai gani ba amma haka aka gaya masa kuma mahaifinsa bai taɓa yarda an haƙa sabon kabari a wurin ba, dan a lokacin masu haƙar ma yunwa ta cinye musu ƙarfi, ramukan basu yi zurfi ba.

Can gefen gabas, wajen shingen aguwa gaba ɗaya, cikin abin da mu muke ɗauka gonar mutum ce, yace nan ake kai waɗanda agana ta kashe. Mutane na tsoron cutar sai ake ware su nesa da sauran, kuma ba kowa ke rakiya ba. Wannan ya gani da idonsa yana yaro kafin masu lamba, wato masu rigakafin cutar, su fara bin ƙauyuka a 1967, zuwa 1970 cutar ta ƙare a Najeriya baki ɗaya, daga nan aka daina zuwa gefen, ciyawa ta rufe, aka manta, bayan shekaru garma ta shiga. Ya nuna tabon lambar a damtsensa yana faɗa. Kusa da nan kuma akwai layin baƙi, Fulani makiyaya da ajali ya riska a kan burtali, almajirai 'yan cirani, da mutanen da farin 1973 ya koro daga arewa ta wajen Damagaram suka zauna a bayan gari da 'yan raƙumansu da suka rage, wasu cikinsu anan ƙasarsu take. Ba wanda ke zuwa musu ziyara tunda danginsu sun koma, Baba ne kaɗai yasan layin ya fara daga wata aduwa ya ƙare a wani suri.

Inda jikina yayi sanyi shine tsakiya, wajen ƙananan kaburbura da suke jere kusa da juna. Waɗannan na sanƙarau ne na 1996, wannan kam da yawanmu mun yi wayo, lokacin zafi ne, a faɗin ƙasar nan sama da mutum 100,000 suka kamu sama da 11,000 suka rasu kuma mafi yawa a arewa, mu a ɗan ƙauyenmu akwai gidan da aka fitar da yara biyu a sati ɗaya. Baba yace a watannin nan basa komawa gida da rana, a gindin tsamiyar ake kawo musu fura, dan kafin su rufe wannan an aiko da karan awon wani. Ina da ƙanwa a layin nan. Allah ya jiƙansu baki ɗaya ya sa sun huta.

To kun ga da mun bi awon aguwa da katangar ta bar mutanen agana a waje ana shuka gero a kansu. Maginin ya kafa turaku inda Baba ya nuna, ya ja igiya, sai yace shi bazai fara komai ta gabas ba sai an zauna da mai gonar. Aka zauna a ƙofar gidan dagaci da liman, da farko mai gonar ya ɗan ja dan shima gado ya ci haka ya tarar, ba wanda zai ce shi ya cinye, liman yayi masa bayani cewa a wajen malamanmu na Malikiyya kabari hubusi ne na wanda ke ciki, ba a taka shi ba a tone shi muddin akwai sauransa a ciki. Mutumin nan yayi shiru sannan yace Allah gafarta malam na bar wa Allah, har ya ƙara da kunya biyar a kai dan na gaba. Shiyasa idan kun zo zaku ga katangar gabas ba miƙaƙƙiya bace tana da gwiwa, wasu baƙi suna cewa magini ya karkace, a'a da gangan akayi.

Abu na biyu da ya ƙara masa daraja a idona ya faru ne ta arewa wajen kukar. Suna cikin haƙar fandisho wani lebura ya daki tukunya, da ya ɗaga sai ga ƙashi. Nan take maginin ya tsaida kowa, ya cire hularsa ya rufe wajen da buhu, ya aika a kira liman da Baba, ba wanda ya ciro waya ya ɗau hoto dan tun ranar farko ya hana yaransa wannan, ya hana kiɗa a waya, ya hana fitsari ko cin abinci a ciki, in zasu huta waje suke fita. Aka maida komai yadda yake aka rufe da laka akayi addu'a, shi kuma ya janye layin katangar baya wajen taku huɗu a duk tsawon gefen, wanda hakan ya ƙara masa haƙa da bulo, kuma kuɗin bulon kawai ya nema bai ƙara ko sisi a ladan hannunsa ba. Na tambaye shi yace ai hadisi ne karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, shi bazai ci abinci da wannan ba. Na sha ganin masu aiki da in suka haɗu da irin haka sai su tura ƙasa da sauri kar a gani aiki ya tsaya.

Yanzu maganar ginin kansa. Bulo a wurin aka buga bai yarda a siyo na kasuwa ba, yace na kasuwa wasu suna jan buhu ɗaya ya fidda abin da yafi ƙarfinsa, kana ɗagawa yana zubar da gari. Shi inci shida ya buga, talatin da 'yan kai a buhu, kuma sati guda ana basu ruwa safe da yamma kafin a ɗora, matasanmu ne suka dinga jido ruwan a amalanke kyauta. Na gwada da kaina, na saki ɗaya daga tsayin ƙirji bai fashe ba sai ɗan gefe da ya ɓantare. Layukan ƙasa na cikin fandisho inci tara ya sa ya cika su da kankare. Fila kuma duk bayan kamar mita uku da rodi mai kaurin milimita 12 guda huɗu a ciki, kuma a doguwar katangar yamma ya bar tsaga a wasu wurare tsakanin fila biyu, yace ƙasar jigawa tana motsi, in katanga doguwa ce ba inda zata numfasa to da kanta zata tsage. Tsayi layi bakwai daga ƙasa, ya isa ya hana akuya da saniya kuma babba in ya tsaya a waje yana iya leƙa ciki, wannan shawarar Baba ce, yace kar a yi ta da tsayi sosai ta zama maɓoyar 'yan shaye-shaye ko masu tonon asiri, gara mai wucewa ya dinga ganin abin da ke ciki. Ba a yi filasta ba, kuɗi basu kai ba kuma ba dole bane.

Wani ɗan gari mai kuɗi ya so a haɗa da ɗaure kabarin mahaifinsa da siminti tunda ga ma'aikata a wurin, maginin yace shi katanga aka ɗauke shi, a tambayi liman. Liman yace an hana shafe kabari da gini a kansa, in alama ake so a sa dutse kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa a kabarin Usman ɗan Maz'un a Baƙi'a. Haka akayi, magana ta mutu ba rigima. Naji daɗin yadda bai sa kansa a abin da ba huruminsa ba dan kwaɗayin ƙarin aiki.

Ya kuma gina mana ɗan ɗaki a bakin ƙofa na ajiye makara da magirbi da diga da shebur da tulunan ruwa, da wajen tara itacen rufi. Wanda bai san haƙa a ƙasarmu ba bazai gane amfanin wannan ba. Ƙasar yashi ce, lahadu baya tsayawa ruftawa yake, dan haka uwa ake haƙawa mai faɗi sannan a tsaga 'ya a tsakiya daidai jikin mutum, a jera itace ko fasassun tukwane a kai, a bi da ganye, a toshe da kwaɓaɓɓiyar laka kafin a tura busasshiyar ƙasa. To itacen nan shine wahalarmu, da sai an yi rasuwa ake gudu neman wanda zai sare reshen darbejiya, wani lokaci gawa na jira a ƙofar gida an gama sallah. Yanzu an tara an kulle.

Sai inda ya gaza. Na farko magudanan ruwa na kudu, wato ainihin gefen da ya jawo aikin gaba ɗaya. Ya bar ramuka a gindin katanga amma ƙanana ne kuma sun yi nisa da juna, mun yi masa magana tun ana gini yace zasu isa. Basu isa ba. Ruwan sama na farko mai ƙarfi da akayi, duk ruwan da ya sauko daga tudun ya taru a ciki ya kwanta a kan kaburburan da muka sha wahalar cikewa, ciyawa da leda suka toshe ramukan, sai da matasa suka shiga da daddare da fitila suna zura sanda. Katanga a irin wannan gangaren in ba a kula ba sai ta zama kamar kwarya, ta tare ruwan waje ta kuma riƙe na ciki. Da muka kira shi ya zo bai yi musu ba, ya fasa wurare ya faɗaɗa ya sa rodi a tsaye dan kar karnuka su shiga, kuma bai karɓi ladan gyaran ba sai siminti da muka siya. Amma dai mutum mai shekaru a sana'a wanda aka nuna masa har inda ruwan 2022 ya tsaya a jikin tsamiya bai kamata sai ruwa ya koya masa ba, kuma kaburbura biyu sun sake zama a dalilin haka, wannan ya tsaya min a rai.

Na biyu ƙofa. Shi ya kawo mai waldarsa yace sun saba aiki tare, muka yarda. Ƙarfen siriri ne, fentin shafa ɗaya, tun damina bata ƙare ba tsatsa ta fito ta ƙasa, ɓangare ɗaya ya sauka yana jan ƙasa sai mutum biyu sun ɗaga kafin ya buɗe, ku yi tunanin an ɗauko makara a kafaɗa an zo ana kokawa da get. Faɗinta ma da ƙyar mutum huɗu masu ɗauke da makara ke wucewa ba tare da na gefe ya goga kafaɗa a fila ba. Har yanzu muna bin mai waldar ya zo ya gyara, gobe jibi, shi maginin yana ta bamu haƙuri yana kiran sa a gabanmu, amma haƙuri baya ɗaga ƙofa. Shawarata ku cire ƙofa daga cikin yarjejeniyarsa ku nemi mai waldarku, ku faɗi kaurin ƙarfe da faɗin da kuke so a rubuce.

Akwai jinkiri kuma, amma wannan ban ɗora masa duka ba. Yaransa manoma ne, ruwa na sauka suka watse gona, mu ma kuɗinmu yankewa suke sai an jira kaka, ga siminti da ya tashi a farkon 2024 har buhu ya haura naira 10,000 a wasu wuraren, lissafin da mukayi tun farko ya rushe gaba ɗaya. Abin da na yaba shine bai taɓa riƙe kuɗin kaya ba, tun farko yace shi ladan hannu kawai za a bashi, a kan kowane bulo da aka ɗora da kowace fila da aka zuba, siminti da rodi da tifar tsakuwa kwamiti ya siyo da kansa ya ajiye a gidan dagaci, kullum da yamma a ƙirga buhunan da aka buɗe a gaban mutum biyu. Wannan tsarin ya kashe zargi, dan kun san aikin gayya da kuɗin jama'a, ko ba a ci ba sai an ce an ci. Ladan nasa ya ɗan fi na sauran biyun tsada, ba da yawa ba, kuma in aka haɗa da janye layin arewa da gyaran magudana da bai caja ba, ni a ganina mun ci riba.

In maki ake so, huɗu cikin biyar nake bashi, ɗayan ya tafi a ruwan kudu da ƙofa. Waɗanda zasu kira shi ku fara aiki da kaka ta yadda za a gama kafin ruwa, ku tsaya kai da fata a kan girman magudana, kuma tun kafin ya iso ku nemo tsoffin masu haƙarku ku zaga dasu da littafi a hannu, ko da wani maginin zaku ɗauka ba shi ba. Mu abin da Baba ya faɗa na rubuta shi da zanen wurin, kuka da tsamiya da aduwa da inda kowane rukuni yake, dagaci da liman da masu gonakin gefe huɗu duk sun sa hannu a takardar iyaka, an yi hoto uku, ɗaya a masallaci ɗaya a gidan dagaci. Ta ukun zamu kai sakatariyar ƙaramar hukuma, tunda a tsarin mulkin 1999 kafa makabartu da kula dasu yana cikin ayyukan ƙananan hukumomi, kuma dokar filaye ta 1978 ta sa filayen karkara a hannunsu, muna so a shigar da filin da sunan makabarta harda kunya biyar ɗin da aka ƙara ta gabas.